Tambayoyinku: A Bar Gmail Da WhatsApp A Koma Wa Na Turai?

Wata ɗaliba daga Hamburg ta rubuto cewa: "Malam, abokan karatuna duk suna barin Gmail, wai bayananmu suna hannun Amurka. Takardun zamana da na makaranta duk suna Google Drive. Hankalina ya tashi, ko barci ba na iya yi sosai. In goge komai ne?"

'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki goge komai tukuna. Abin da abokanki suke faɗa yana da tushe. A 2018 Amurka ta yi dokar CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a Turai aka ajiye su. A shekarar ce kuma dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki, kuma tun lokacin ake ta ja-in-ja. A 2023 ma an ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, Yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Amma wannan ba yana nufin wani yana zaune yana karanta takardar hayar ɗakinki ba.

In kina son sauyi, akwai Proton Mail na Switzerland, wanda aka kafa a 2014, da Tuta na Hanover nan Jamus. Dukansu suna da tsarin kyauta. Buɗe ɗaya, ki riƙa mayar da banki da ofishin baƙi da makaranta ɗaya bayan ɗaya, ki bar Gmail a buɗe na wasu watanni saboda saƙon da zai biyo tsohon adireshi. Ki sani Google yana ba da GB 15 kyauta, su kuwa na wasiƙa bai wuce GB 1 ba. Abin da ya fi damuna shi ne kalmar sirri: tunda saƙonnin a kulle suke, in kika manta ta kuma ba ki ajiye kalmomin dawo da asusu ba, su kansu ba za su iya buɗe miki tsofaffin wasiƙu ba. Rubuta su a takarda ki ajiye tare da fasfonki. Kada kuma ki ɗauka na Turai ba ya bin doka. A 2021 Proton ya miƙa adireshin intanet na wani ɗan fafutuka a Faransa bisa umarnin hukumomin Switzerland.

Wani daga Brussels: "Na goge WhatsApp na koma Telegram don in goyi bayan Turai. Na yi daidai?"

Telegram a Dubai hedikwatarsa take, Signal kuma na Amurka ne. Na Turai shi ne Threema na Switzerland, kuma saya ake yi. Tambayi kanka ko Hajiya a gida za ta sauke shi. Maza ka dawo da WhatsApp kafin a yi suna ko biki ba ka ji ba.

Wani ɗan kasuwa daga Kano: "Na ji ana yabon manhajojin Turai. Wani yaro a shagon waya ya tura mini 'Proton VPN na har abada' ta Xender, na ba shi naira dubu biyar. Tun ranar wayata take zafi, tallace-tallace suna ta faɗowa."

Alhaji, an cuce ka, kuma kuɗin da ka bayar shi ne ƙaramin abin da ka rasa. VPN manhaja ce da ke ɓoye inda kake shiga intanet, kuma Proton VPN yana da tsarin kyauta wanda ba a ƙayyade masa data ba, a Play Store yake, da sunan kamfanin Proton AG a ƙarƙashinsa. Wato ka biya kuɗi don jabun abin da na gaskensa kyauta ne. Wannan ɗabi'a ta karɓar manhaja daga hannun wani ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ba zai sayi turare ba sai ya shinshina, ba zai karɓi shadda ba sai ya murza ta a yatsa, amma wayar da bankinsa da lambar BVN ɗinsa da hotunan iyalinsa suke ciki, sai ya miƙa ta ga yaron da bai san sunan ubansa ba ya zuba mata abin da ya ga dama. VPN kuwa duk abin da ka yi a intanet ta cikinsa yake bi. In na jabu ne, ka ba ɓarawo ajiyar makullin shago da hannunka.

Mun ga irin wannan lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kowa ya riƙa sauke duk VPN ɗin da ya gani. Haka GB WhatsApp, wato jabun WhatsApp, wanda ake so don karanta saƙon da aka goge, alhali kamfanin WhatsApp yana rufe lambar masu amfani da shi. Yanzu kalmar "na Turai" ta zama sabon tambarin da 'yan damfara suke liƙawa. Ka goge wannan jabun VPN ɗin yau. Ka shiga jerin manhajojin wayar ka duba wanda ba shi da suna ko hoto, ka ga wa aka ba izinin karanta saƙon tes, don ta nan lambobin banki suke zuwa. Daga wata waya daban ka sauya kalmar sirrin imel da ta banki. In zafin bai daina ba, kwashe hotunanka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Kuma ka yi wa kanka tambaya: me ma kake buƙatar VPN ya yi maka? Mai sayar da atamfa ta WhatsApp ba ya buƙatarsa, sai dai ya rage masa saurin intanet. Dokar GDPR ma ba don mazaunin Kantin Kwari aka yi ta ba. Tamu ta Najeriya ita ce dokar kare bayanai ta 2023.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi: "LibreOffice zai iya maye mini gurbin Word da Excel?"

Zai iya, Malama, kuma wannan ne sauyin da nake goyon baya ba tare da jinkiri ba. Kyauta ne, gidauniyar da ke kula da shi a Berlin take, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma ya fi miki Office ɗin sata da aka saba sa wa kwamfutoci. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kansa. Ki sauke shi daga shafinsa na asali kawai. Wani lokaci tsarin tebur ko layi yana ɗan gocewa in an buɗe takardar a Word, saboda haka duk abin da za ki tura wa hukumar makaranta ko mai buga takardu, ki mayar da shi PDF kafin ki tura.