Tambaya da Amsa: Shin a cire kebul ɗin injina a koma na'urori marasa waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikacin lantarki ne a wata masana'antar cika kwalabe. Kebul ɗin da ke haɗa na'urorin awo da kwamfutar PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injina, sun tsufa, zafi da tururi sun cinye su, kullum cikin faci muke. Maigidanmu ya ce a cire su duka a sa marasa waya, tun daga ma'aunin tanki har injin da ke jan bel. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mene ne shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, sai dai kada ka yi wa aikin kuɗin goro. Tanki daban, injin bel daban.

Ka tuna yadda sarrafa inji yake. Na'urar awo ta aika abin da ta gani, PLC ta yi lissafi, ta ba bawul ko inji umarni, a sake aunawa. A tsohon kebul mai ɗaukar miliamfiya 4 zuwa 20, saƙon yana nan kowane lokaci. Da zarar an koma rediyo, saƙo ya zama ƙunshi-ƙunshi: wani ya iso da wuri, wani ya makara, wani ya ɓace a hanya. Ruwan tanki ko zafin tukunyar tururi a hankali suke canzawa, jinkirin sakan ɗaya ba ya ɓata komai. Injin bel kuwa yana son gyara duk bayan 'yan milisakan (milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya). Idan PLC tana gyara gudunsa da awon da ya riga ya tsufa, kamar direba ne da ke tuƙi yana kallon hoton hanyar da ya wuce. Zai yi ta karkata dama da hagu, kwalabe su yi ta karo. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne jinkirin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin wanda aka san tsawonsa ana iya saka shi a lissafi.

Ba wai babu kayan kirki ba. Tsarin WirelessHART, na sadarwar na'urorin masana'anta ba tare da waya ba, ya fito a 2007, hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya ta amince da shi a 2010. Akwai kuma wani tsarin irinsa, ISA100.11a. Dukansu suna aiki a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi da Bluetooth suke cunkushe, shi ya sa tsarin biyu suke tsalle daga tasha zuwa tasha don kauce wa cunkoson. WirelessHART yana yanka lokaci gunduwa-gunduwa, milisakan 10 kowace, a ba kowace na'ura nata rabon, kuma idan hanya ta toshe sai ta miƙa saƙonta ta hannun maƙwabciyarta. Amma galibi don awo aka gina su. Yawanci sau ɗaya a sakan suke magana, ko ma su fi haka jinkiri, in ka matsa musu su yi sauri, batirin da zai yi shekaru ya ƙare da wuri. Fasahar 5G tana harin jinkirin milisakan 1, sai dai wannan wani babban gini ne na daban.

Na taɓa gwada ƙarfin sigina a wata masana'anta ranar hutu, komai lafiya lau. Da aka dawo aiki aka jibge gangunan ƙarfe tsakanin tankuna da na'urar karɓar saƙo, awo biyu suka riƙa ɗaukewa. Tun ranar ba na gwaji sai injina na ruri, ana walda, motocin ɗaga kaya na kai da komo.

Kafin ku sayi komai, ka tambayi mai sayarwa: idan saƙo ya yi shiru sakan biyar, me bawul zai yi? Ya rufe, ya buɗe, ko ya tsaya yadda yake? Dole a rubuta wannan a cikin shirin PLC. Maɓallin tsayar da inji na gaggawa kuwa, don Allah ku bar shi a kan kebul, ran mutum ne a wurin.

Ka gaya wa maigidan ku fara da ma'aunan tanki da na zafi. Ku bar tsohon kebul yana aiki tare da su wata guda, kuna kwatanta awon biyu. Injin bel kuma a saya masa sabon kebul mai jure zafi, a bi da shi ta cikin bututu nesa da tururi.