Wasannin Labari: Ku Daina Leƙen Amsa

Tambaya: Malam, ina buga Detroit: Become Human a PS4 ɗin yayana. Kafin kowane babi sai na shiga YouTube na ga zaɓin da zai sa kowa ya tsira, sannan in dawo in danna shi. Yanzu wasan ya gundure ni. Me mutane suke yabo a cikinsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, kai ka cinye naman a hanya, ka iso gida kana cewa miyar ba ta da daɗi. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, don haka ka gyara zama.

Kamfanin Quantic Dream na Faransa ya fitar da wasan a 2018, kuma ya gina shi ne a kan cewa jarumai ukun da kake sarrafawa, wato Connor da Kara da Markus, kowannensu zai iya mutuwa, labarin ya ci gaba ba tare da shi ba. Daɗin yana cikin daƙiƙun nan da lokaci yake ƙarewa a allo, yatsanka na kan maɓalli, gabanka na faɗuwa, ba ka san abin da zai biyo baya ba. Babin farko ma ya isa misali: kana kan bene, wani mutum-mutumi ya riƙe yarinya a bakin gini da bindiga a hannu, kai ne mai lallashi. Ka yi masa ƙarya ko ka faɗi gaskiya? Idan wani ɗan YouTube ya riga ya raɗa maka amsa, ai kallon fim kake yi, sai dai kana wahalar da yatsu.

Ni da na fara bugawa, sakacina ya sa na rasa wanda na fi so tun kafin ƙarshe. Na kwana biyu ina jin haushin kaina, kuma har yau wannan zagayen nake tunawa. Shi ya sa dokata ɗaya ce: zagayen farko babu leƙe, babu komawa baya. Abin da ka shuka, ka girbe shi. Bayan kowane babi wasan zai nuna maka taswirar rassan labarin, da hanyoyin da ba ka bi ba a kulle. Ka bar su sai zagaye na biyu. Goge abin da ka ajiye, ka faro daga farko, ka ba yayanka wayarka ya riƙe.

Tambaya: Ba ni da PS4 ko kwamfuta. Akwai irin waɗannan a Android? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Akwai. Nemi The Walking Dead na Telltale, wanda ya fara fitowa a 2012, ko Life is Strange na 2015, inda jarumar take iya mayar da lokaci baya ta sake zaɓi (wannan zai dace da ɗan Zariya). Sauke da Wi-Fi, kunna rubutun ƙasa, sa abin sauraro a kunne.

Tambaya: Na ga wani shafi yana ba da Detroit na waya kyauta. In sauke?

Amsa: Ba a yi shi don waya ba. Duk abin da ke cikin wannan fayil ɗin, ba Detroit ba ne.

Tambaya: A manhajar wasannin labari ta Choices, zaɓin da ya fi kyau kullum sai da lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan. Abokina ya turo min wadda aka yi wa kutse, lu'ulu'unta ba ya ƙarewa. Daga Kaduna.

Amsa: A wayar da manhajar bankinka take? Goge wadda aka yi wa kutsen nan yau, ka canza lambobin sirrinka. Lu'ulu'u kuwa, ka tara wanda ake ba ka bayan kammala babi, ko ka haƙura jarumarka ta je biki da tsohuwar riga.