Wanda ke zuba abin sha ba shi zai ƙirga kwalabe ba

Wani mai gidan abinci ne ya aiko da tambaya. Yana da kantar abin sha a cikin gidan: lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace da ake haɗawa a gaban mai saye, da kofi. Ya ce kullum wurin a cike yake, amma idan wata ya ƙare da ƙyar cinikin abin sha ke mayar da kuɗin sari. Ƙanin matarsa ne ke tsaye a kantar, shi ke riƙe da makullin sito, shi ne kuma ke kawo masa lissafi. Yana so ya san ko farashi zai ƙara, ko na'urar lissafi zai saya, domin yana da niyyar buɗe reshe na biyu kafin ƙarshen shekara.

Alhaji, ajiye maganar reshe na biyu tukuna. Wanda bai san inda kuɗinsa ke zurarewa a kanta ɗaya ba, idan ya buɗe ta biyu asarar ce kawai zai ninka. Farashinka ma ka bar shi yadda yake. Matsalarka tana cikin layin da ka rubuta kamar ba komai ba: mutum ɗaya ne ke karɓar kaya, shi ke zubawa, shi ke ƙirgawa, shi ke faɗa maka abin da ya rage. Takardar da yake miƙo maka labari ce daga bakinsa, kuma ba ka da abin da za ka gwada ta da shi.

Ban ce ka ba kura ajiyar nama ba. Mai yiwuwa yaron nan bai taɓa sa ƙwandala a aljihu ba. Amma ko waliyyi ne, hannunsa ba ma'auni ba ne. Ɗauki kwalbar sirop, ruwan zaƙin nan mai kauri da ake haɗa abin sha da shi, mai lita 1. Idan kowane kofi yana cin mililita 25, kofi 40 za ta fitar. Mai zubawa da ido, musamman idan layi ya yi tsawo ko wanda ke gabansa abokinsa ne, cikin sauƙi zai kai 30. Kwalbar ta koma kofi 33. Kofi bakwai sun tafi, wajen kashi 17 cikin ɗari, ba a saci komai ba, ba a fasa komai ba. Ka lissafa kwalabe nawa kake buɗewa a wata. A Birtaniya dokar awo ta tilasta wa gidajen giya sayar da irin su wiski da vodka a ma'aunin mililita 25 ko 35. Su don kare mai saye suka yi, amma mai kanta ya fi kowa cin moriyarta. Ɗan ƙaramin kofin awo na ƙarfe shi ne mafi arha cikin kayan kantarka, kuma na tabbata ko babu shi a wurin, ko yana cikin durowa yana tsatsa.

Sai abin da ake sha ba a rubuta ba. Ma'aikacin kicin ya ɗauki lemo mai sanyi, wani ɗan'uwa ya leƙo an ce a ba shi, kwalba ta faɗi an share. Kai ma, Alhaji, idan baƙinka suka zo ka ce a kawo musu, wa ke rubutawa? Idan mai gida bai rubuta nasa ba, babu yaron da zai rubuta.

Na taɓa duba wa wata hajiya littattafanta. Ɗan yayarta ne a kanta, kuma kayanta ba su taɓa yin giɓi ba, duk ƙirga daidai. Ciniki ne kawai ke raguwa alhali kujeru a cike. Muka zagaya bayan kicin inda ake tara fankon kwalabe, muka ƙirga, sai ga su sun fi abin da ta saro a makon yawa da katan uku. Ashe yaron nasa kayan yake shigowa da su da sassafe, ya sayar a kantarta, da firjinta, da wutarta, da kofunanta, nata kuma suna zaune a sito. Da aka fara ɗiga jan fenti a gindin kowace kwalbar da ta shigo ta hannunta, cikin mako biyu ciniki ya dawo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa korarsa, saboda yayarta.

To, ga abin da za ka yi. Makullin sito ya bar hannun mai kanta yau. Duk abin da zai fito daga sito a rubuta, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu, kuma ba a ba da cikakkiyar kwalba sai an dawo da fanko. Ƙirga kuwa kai za ka yi da kanka, ko wani wanda ba ya cin abinci a kwano ɗaya da mai kantar, rana ɗaya a mako, kafin a buɗe ko bayan an tashi. Kwalbar da aka fara sha ka kimanta ta kashi goma, ko ka ɗora ta a sikeli. Ka haɗa abin da ka fara mako da shi da abin da ka saro, ka cire abin da ya rage: wannan ne abin da aka zuba. Ka gwada shi da abin da rasit ya nuna an sayar. Giɓin kashi biyu ko uku cikin ɗari ana iya haƙuri da shi. Idan ya doshi goma, akwai magana. A ƙa'idar masu wannan sana'a, abin shan da ake haɗawa a kanta bai kamata kuɗin kayansa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na farashinsa ba, lemon kwalba ne kawai ke da siririyar riba.

Na'urar da kake son saya abin da aka danna mata kawai ta sani. Idan wanda ke zubawa shi ke dannawa, kuma yana da ikon soke ciniki, ka sayi takardar nan da yake miƙo maka ce da tsada. Ka saye ta daga baya, lambar sokewa kuma ta zauna a wurinka.

Kafin ka karɓi makullin, ka fara yi wa uwargida bayani, kada ta ji a bakin ƙaninta. Ka ce tsari ne na kowa, har da kai, kuma ka fara rubuta lemon da ka sha a gabansu. Idan ya yi fushi don an ce za a ƙirga kaya, ka ƙirga a daren nan, kada ka jira ƙarshen mako. Ka yi wata biyu a haka, ka aiko mini da alƙaluman, sannan mu duba ko akwai kuɗin reshe.