Gidana ya tsaya a linta, bashi ya sha kaina: in sayar ko in jinginar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a cikin garin Katsina, da mata ɗaya da 'ya'ya shida, ga mahaifiyata a wurina. Shekara tara ke nan da Allah ya hore mini na gina gida a bayan Ƙofar Ƙaura. Ɗakuna uku muke ciki, sai wasu biyu ta bakin titi da suka tsaya a linta tun da siminti ya tashi. Yanzu albashi ba ya kai mu 20 ga wata. Na karɓi naira dubu 300 wurin wani mai ba da bashi, duk wata ina kai masa dubu 30, uwar kuɗin tana nan daram. Ga ɗakin Hajiya yana yoyo. Wani dillali ya ce in sayar in sayi ƙarami a bayan gari, ragowar in ja jari. Abokina kuma ya ce in jinginar da takardun. Wanne ya fi?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya shirya zuri'a.

Babu wanda ya fi a cikinsu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga laifin gidan ba. Abin da ke cin ka shi ne dubu 30 ɗin nan, kuma ba a rushe rumbu don a kashe ɓera.

Mu fara da abin da ke hannunka. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Mu nan Katsina an haɗa mana da rufe iyakar Nijar a watan Agustan 2023, hada-hadar Jibiya da Kwangwalam ta tsaya cik na watanni. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Fassararsa a aljihu: wanda ya ajiye miliyan ɗaya shekara guda, abin da za ta sayo masa bai wuce abin da dubu 742 ta sayo bara ba. Daga baya gudun ya ragu, amma raguwar gudu daban, komawa baya daban. A duk abin da ka mallaka, gidan nan ne kaɗai ya bi farashi ya tashi tare da shi. Lokacin da kake gini buhun siminti bai kai dubu uku ba. A farkon 2024 ya haura dubu goma. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: in ya fita hannunka yau, da albashin nan za ka sake ɗora bulo a kan bulo?

Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma ka san inda abincinsa yake. La'ada zai ci in ka sayar, ya sake ci in ka saya. Masu saye kuma suna da hanci, suna jin ƙanshin matsuwa tun daga zaure, sai su taya maka gida kamar kayan gwanjo. Ka cire la'ada biyu, da kuɗin takardu, da gyaran da sabon gidan zai nema, da rijiya ko sayen ruwan 'yan garuwa. Sannan ka lissafa kuɗin Keke Napep na yara shida zuwa boko da Islamiyya, kullum, shekara da shekaru, da naka zuwa wurin aiki. Batun tsaro a gefen gari kuwa ba sai na yi wa Bakatsine bayani ba.

Sai maganar jari. Lokacin da nake aikin ba da rance a wani banki, akwai wani ma'aikaci da ya yi daidai abin da ake ba ka shawara. Na tuna ranar da ya shigo da kuɗin gidansa a cikin jakar leda, yana murmushi, ya ce daga yau ya yi sallama da bashi. Ya buɗe shagon kayan masarufi. Mutum ne mai kirki da kunya, abin da ya karya shi ke nan. Da safe a aiko a ɗauki sukari da madara na gida, da yamma maƙwabci ya karɓi taliya "zuwa ƙarshen wata", 'yan uwa kuma sun ji an sayar da gida, kowa ya zo da tasa larurar. Ba a yi shekara biyu ba na wuce ta wurin, na tarar da kantocin an jera musu kwalaye marasa komai don kada a ga rami. Kasuwa makaranta ce, kuma ba a biyan kuɗin koyonta da gidan iyali. Ƙari a kan haka, tsabar kuɗi a hannun mai matsuwa ita ce abincin masu cewa kawo ɗari ka karɓi ɗari biyu. An gani a MMM a 2016, an sake gani a CBEX a watan Afrilun 2025.

Jingina ta fi sayarwa ban tsoro, domin tana zuwa da fuskar taimako. Yadda aka saba yi a unguwanni, mai kuɗi zai karɓi takardu, a kira shaidu, sau da yawa kuma abin da za a rubuta takardar ciniki ce, da sharaɗin baki cewa in ka dawo da kuɗi a wata kaza an fasa. Ranar da wa'adi ya cika ba ka da shi, takarda ce za ta yi magana a gaban alƙali, gidan miliyoyi ya tafi a kan 'yan dubbai. Ko a dokance, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da ke da takardar mallakar gwamnati ba a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, to ka ga irin wannan yarjejeniya ta zaure rikici ce tun daga tushe. In kuma sharaɗin shi ne mai kuɗi ya riƙa cin hayar gidan har ka biya, ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu. Galibin malamai suna ganin amfanin da bashi ya jawo wa mai bayarwa riba ne. Bankunan kasuwanci ma ba mafita ba ne: Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, su kuwa sama da haka suke ba mutum irinka.

Yanzu ga ɓeran. Dubu 30 a kan dubu 300 kashi goma ke nan duk wata, kashi 120 a shekara. Cikin wata goma ka biya mutumin nan kuɗinsa cif, kuma yana bin ka su cif. A makon nan ka samu dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, limamin unguwarsu ko wani babba a sana'arsa, ku je tare. Ka zo da lissafin duk abin da ka ba shi, wata-wata. Roƙon guda ɗaya ne: a tsayar da ruwan, abin da za ka riƙa kaiwa daga yanzu ya zama ragin uwar kuɗi. Da yawansu suna yarda in sun ga dattijo, don sun san ba abin fita fili ba ne. Duk abin da aka tsayar a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce kunya.

In ya ƙi, a nemo kuɗin a sallame shi gaba ɗaya. Ƙungiyar gama-kai ta malaman makarantarku ita ce ƙofar farko, tunda daga albashi suke cira kuma abin da suke ɗorawa kaɗan ne. Adashe ma yana yi, in uwar adashe ta yarda ta ba ka kwasar farko ko ta biyu. Sai ka duba abin da za a sayar wanda ba rufi ba ne: janaretan da rabonsa da shan mai tun bara, tumaki biyu, wani ɗan fegi in akwai. In uwargida ta ga dama ta kawo ɗan kunnenta na zinare, ka karɓa a matsayin rance, ka rubuta, ka biya. Manhajojin bashi na waya kuwa ko kallonsu kada ka yi, ranar da ka makara har surukanka sai sun samu saƙo.

Rufin Hajiya ba ya jira. Yoyo yakan fara da kan ƙusa ɗaya da ya yi tsatsa. Damina ta farko ka ga tabo ruwan ƙasa a silin, a sa bokiti. Ta biyu silin ya yi ciki, katakon da ke sama ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, gara ta samu gida. Ta uku kuma kafinta zai hau ya leƙo ya ce maka sai an yaye duka. Aikin da yau ƙusa da faci da fallen kwano biyu za su gama, shi ne zai koma bandir-bandir. Ka kira kafinta da rani, kafin watan Yuni, ka hau tsani tare da shi ka gani da idonka. A duba indararo, a yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwan Agusta, a toshe inda ruwa ke kwanciya a gindin katanga. Wanda ya ga abin da ambaliya ta yi a Jibiya a watan Yulin 2018 ba ya raina hanyar ruwa.

Ka ɗauko takardar albashinka ka duba ko ana cire maka NHF, wato asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, kashi 2.5 na albashi. In ana cirewa, kana da haƙƙin neman rance a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan kashi 6 a shekara, kuma suna da rancen gyaran gida na musamman ga masu zubi. Yana da jan ƙafa, sai an bi ta wurin aiki, don haka kada ka dogara da shi wajen rufin bana. In kana gudun ruwa ko kaɗan ne, bankuna irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ, suna sayen kaya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Halal ne a tsarinsu, amma ba kyauta ba ne. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya kafin ka amsa.

Ɗakunan nan biyu na bakin titi su ne suka fi ba ni sha'awa a duk wasiƙar. Kai kana ganin aikin da ya gagara, ni ina ganin albashi na biyu da aka bari rana tana duka. Kada ka ce sai ka gama duka. Ɗaya za ka kama, a rufa, a sa ƙofar ƙarfe, a yi daɓe, filasta ta ciki kawai, fenti ya jira. Tela, mai cajin waya, mai POS, mai kemis, duk shago suke nema a unguwa mai jama'a, kuma hayar shekara ake biya gaba ɗaya. In babu kuɗin rufawa, akwai hanyar da na ga ta yi wa mutane da yawa aiki: mai son shagon ya ƙarasa ginin da kuɗinsa, a riƙa cirewa a haya. Sharaɗinta uku ne. Ku yi kiyasin aikin tare kafin a sayi ko ƙusa, kowane rasit ya zo hannunka, a kuma rubuta ranar da kuɗinsa za su ƙare. In ba haka ba, shekara biyar yana ce maka bai fanshe ba.

In ɗakin kwana za ka mayar da na biyun, ɗaliban Kwalejin Hassan Usman da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da 'yan bautar ƙasa suna nema. Amma sai da ƙofarsa da banɗakinsa daban, don kada kuɗin haya ya saye sirrin iyalinka. Wuta ma a raba tun farko, a sa masa ƙaramar mita; rigimar bil ɗin KEDCO ta raba masu gida da 'yan haya fiye da kuɗin hayar kansa. Hayar farko in ta shigo, kada ta ga tukunya. Ta tafi bashi, abin da ya ragu ya hau ɗaki na biyu.

Cefane kuwa ba zan koya maka ba, uwargida ta fi mu sani. Ku zauna ta faɗa maka tiya nawa ta gero da masara da wake gidan ke ci a wata, ka ninka. Dubu 30 ɗin da ka ƙwato, in kaka ta yi, ka mayar da wani abu daga ciki buhu, domin mai awo tiya-tiya a tsakiyar damina shi ke biyan mafi tsada. Wake a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ba sai an sa magani ba. Na ci kawai za ka saya. Waɗanda suka tara hatsi don riba sun ji jiki a 2025 da farashi ya faɗo.

Takardun gidan, in har yanzu ta mai unguwa ce kawai a hannunka, ka fara bin ta gwamnati a ofishin filaye sannu a hankali. Ka ɗauki hotonsu a waya, asalin kuma kada ya kwana a hannun kowa, ko da "dubawa" ce.

Akwai ranar da zan ce maka ka sayar: in rashin lafiya ta taso da ba ta da wata hanya, ko bashi ya kusa kamo darajar gidan. Dubu 300 ba ta kai nan ba. In ma ranar ta zo, musaya za ka nema, a ba ka ƙaramin gida da ciko, ka karɓi makullin can kafin ka miƙa na nan, don kada ka kwana ko ɗaya da kuɗi a hannu babu rufi. Kafin nan ka ce wa dillalin ya daina kawo mutane suna zagaya katanga, kada Hajiya ta ji maganar a bakin maƙwabta.