Ragon Malam da keken Baba

Abokina, saƙonka ya iso tun daren jiya. Ƙanwarka ce ta karanta mini, don idona ya daina ɗaukar ƙananan rubutun wayar nan, ita ce kuma ke rubuta wannan ina faɗa mata. Ka ce abokanka na makaranta suna yi maka tsiya, wai mu Kirista mun iya cin naman layya amma ba mu iya yankawa ba. Na yi dariya har na ƙware. Da ta kai ƙarshen saƙon, inda kake tambaya ko wanda ya yi babban laifi zai iya yanka rago, ko ya tura kuɗin hadaya ga wani mai wa'azi na intanet a kankare masa, sai dariyar ta maƙale mini a wuya. Ɗan shekara ashirin ba ya tambayar farashin kankare zunubi haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in ba ka labarin da ko ubanka bai ji shi duka ba.

A 1974 ne, ina da shekara goma sha uku. Lokacin Sakkwato ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, Gowon na mulki, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku na kan gado. Baba ya baro ƙasar Zuru ya sami aikin masinja a wani ofis, kuma duk abin da ya mallaka a duniya bayan mu shi ne kekensa Raleigh. Ranar Asabar yakan kifar da shi ya goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A shekarar nan Babbar Sallah da Kirsimeti cikin mako guda suka faɗo, ga hunturu, ga dabbobi sun yi tsada saboda farin da aka sha a baya ya kashe na kashewa.

Maƙwabcinmu majemi ne, Malam muke ce masa, yana jimar fatun jar akuya. Yana da balami fari da ya yi shekara yana kiwo, dusa da harawa da ruwan kanwa, har wanka ake yi masa da sabulu. Saura kwana biyu Sallah, da la'asar sakaliya, na kwance ragon nan a ɓoye na kai shi fili don ya yi karo da na wasu yara. Na riga na cika musu baki cewa babu ragon da zai tsaya masa a unguwar. Karo na farko da na biyu muna ta ihu. A na uku ya ja da baya don ya ɗauko ƙarfi, sai ya rufta ramin da ake haƙar ƙasar gini. Har yau ina jin ƙarar ƙashin. Na ja shi da ƙyar na mayar da shi turke, na shige ɗaki na ce cikina ke ciwo.

Da asuba kukan almajirin gidan Malam ya tashe ni. Shi ke ba ragon abinci, don haka shi aka kama, dorina kuwa tana ta sauka. Na kwanta ina ƙirga bulalar, ban motsa ba. Inna ce ta gane, don ta ga ban taɓa kunu ba. Ta tsaya kaina ta ce, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, tashi ka faɗa wa ubanka da bakinka.

Baba bai ce mini uffan ba. Ya riƙe hannuna muka shiga zauren Malam, ya sa na durƙusa na faɗi komai. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaro na, na yahe mishi." Baba ya yi godiya, ya ce, "Malam, ka yafe, Allah ya saka. Amma gurgun rago ba ya layya." Ya koma gida ya fito da keken, ya nufi Kara. Da azahar ya dawo a ƙasa, ƙura har gwiwa, yana jan wani rago da igiya.

Na jira duka, bai zo ba. Da ya doke ni da na sami sauƙi, don sai in ce na biya. Abin da na samu shi ne kullum da sassafe in ga Baba ya naɗe ƙafar wando ya kama hanyar ofis a ƙafa cikin sanyin nan, wata da watanni, har sai da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, ya fito a 1975 ya sayi wani tsohon keke. Washegarin Sallah, bayan an sauke ragunan da aka tsire a itace aka kewaye wuta da su, Malam ya aiko mana da cinya guda. Da ita muka yi Kirsimeti, don ba mu da akuya a shekarar. Na ƙi ci. Baba ya tura mini kwanon ya ce, ci, an riga an biya. Inna kuma ta ce yafiya a baki ba ta da nauyi, amma ka duba da kyau, akwai wanda ya ɗauki kayan. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ranar nan ni na ja, wani ya jiƙe.

Da dare Baba yakan karanta mana Littafi Mai Tsarki a hasken fitilar ƙwai, tsohuwar fassarar nan ta 1932 mai wuyar Hausa. A makon ya buɗe Littafin Firistoci sura 16, wurin da yara ke gyangyaɗi. Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai, babban firist na Isra'ila yakan kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, ya shiga da jinin bayan labule, Wuri Mafi Tsarki, inda ba mai shiga sai shi. Ɗayan kuma ya ɗora masa hannu biyu a ka, ya furta laifofin jama'a duka, a kore shi jeji. Dabbar hadaya kuwa dole ta zama marar lahani, ba gurguwa ba, ba makauniya ba. Da ya kai nan ya ɗaga kai ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da nawa. A sura 17 aka ba da dalili: ran halitta yana cikin jini, jini ne ke yin kafara.

Sai ya tambaye mu, in jinin bunsurun ya wanke su, me ya sa suke komawa baɗi? Ba wanda ya amsa. Ya juya zuwa Ibraniyawa sura 10, inda aka ce jinin bijimai da awaki ba zai iya ɗauke zunubi ba, tunatarwa ce kawai ta kowace shekara cewa bashin yana nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi ya sa da Yahaya Mai Baftisma ya hango Yesu ya kira shi Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya, kuma a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, lokacin yanka 'yan raguna, aka gicciye shi, labulen Haikalin Urushalima ya tsage daga sama har ƙasa. Haikalin kansa Romawa suka rushe a shekara ta 70 miladiyya, hadayun da ake yi a can suka tsaya. Mu abin da muka gaskata ke nan: wanda aka yi wa laifi shi da kansa ya kawo ragon, sau ɗaya, ba a maimaitawa. Jibin Ubangiji da kake ci a coci, gurasa da ƙoƙo, shi ne kwanon da aka tura maka.

Game da abokanka, kada ka yi musu da su a kan abin da ba ka sani ba. Layyarsu bin sunnar Annabi Ibrahim ce, ba su ce ragon na ɗauke musu zunubi ba, kuma kaffara a wurinsu wani abu ne daban, kamar ciyar da miskinai ko azumi. Ɗan da Ibrahim ya tashi yankawa, mu a Littafin Farawa sura 22 muna karanta Ishaku, su suna cewa Isma'ila. Malam da Baba sun yi shekaru suna zama a tabarma guda, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, ba a taɓa jin kansu ba. Naman kuwa, shekara hamsin ina ci, ina kuma aika musu shinkafar Kirsimeti da kazar da Musulmi ya yanka. Akwai 'yan'uwa a ikilisiya da ba su ci, ban ce sun yi laifi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu wa'azin nan naku da lambar asusun banki a ƙasan hoto. A zamaninmu baiko da zakka godiya ce, mace ta kawo kwanon dawa, ba wanda ya ce mata sayen gafara take yi. Ku yanzu kuna son komai ta waya, har tuba, don kada ku durƙusa a zauren kowa. Ai Yesu ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Matiyu sura 5 ce, duba da kanka.

Ni ma da nake maka faɗa ban cika wannan ba. Almajirin nan da ya sha dorina domina, ban taɓa ce masa ya yafe ni ba. Malam ya ba shi haƙuri ya saya masa riga, ni kuwa in na hango shi sai in sauya hanya. Kafin damina ya koma garinsu, wajen Gwadabawa aka ce. Ko sunansa na gaskiya ban riƙe ba.

Kuɗin da kake shirin turawa, riƙe abinka tukuna. Ka kira ni ranar Lahadi bayan sujada, lokacin ƙanwarka tana wurin koyon waƙa, don ga ta nan ta buɗe kunne tana murmushi. Ina so in ji ragon wa ka kwance.