Amsa ga wadda aka ɗaga wa mahaifiyarta ranar kemo

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Na ga tambayarki, wai kun taso daga Rigasa da sassafe aka ce ku koma sai wani satin, kuma maƙwabciyarku mai irin ciwon nonon tiyata aka fara yi mata amma Mama aka ce kemo tukuna, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Ni nas ce, na daɗe a wajen masu ciwon daji, wallahi ba wulaƙanci bane.

Kansar nono suna ne ɗaya amma kala-kala ce. Wannan 'yar tsokar da aka yanka aka kai lab ita ke nuna wace iri ce, sai hoto ya nuna matakin da ta kai, daga 1 zuwa 4. In ƙullutun babba ne ko ya shiga hammata, sau da yawa kemo ake fara bayarwa ya motse sannan a yi aiki, wasu ma daga baya a tura su asibitin Shika na Zariya a yi musu gashi, wato ƙona ƙwayoyin kansar da na'ura. Kuma ba likita ɗaya ke yanke shawara ba, mai tiyata da mai kemo da masu duba tsoka da hoto duk sai sun sa baki.

Ɗaga rana kuwa yawanci jini ne. Kemo na karya fararen ƙwayoyin jini, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14, shi yasa ake barin sati 3, to in ba su dawo ba aka ƙara zuba magani ɗan ciwo kaɗan sai ya kwantar da mutum. Mu ma nas-nas muna da ta cewa fa, don mu ke auna nauyi, da shi da tsawo ake lissafin maganin. Akwai wata baiwar Allah da takardar gwajin jininta ta fito lafiya lau amma bakinta duk gyambo ko kunu bata iya haɗiya, 'ya'yan kuma sun yi shiru don kar a fasa, na faɗa wa likita ya ɗaga. Sun yi ta harara ta ranar, ban damu ba.

In Mama na shan na gargajiya don Allah ku faɗa, ba faɗa za a yi muku ba, ƙoda da hanta ake ji wa. In zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki kar ku tsaya kemis, ku taho ko tsakar dare ne. Sannan ki tambaye su ko za ku dinga gwajin jinin ana gobe, ko kuɗin Napep kun rage.