Amsa ga 'yar'uwar da ke son sayen keken ɗinki da kuɗin adashi

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, hidimar shago ce ta hana ni amsawa sai yanzu. Kin ce kin fara koyon ɗinki wajen wata maƙwabciyarki, ɗaukar adashi ta kusa zuwa kanki, kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, kuma kin rasa wanda za ki saya cikin uku: ɗan ƙaramin keken nan mai batir da ake talla a waya, ko na lantarki na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, mai ɗinki kala-kala, ko baƙin keke na takawa irin na iyayenmu. Kin kuma tambayi kayan aikin da za ki haɗa da shi.

Ki sayi baƙin. Na daɗe a sana'ar nan, yara da yawa sun koya a hannuna, kuma har yau ban ga wadda ta fara da baƙin keke ta yi da-na-sani ba.

Mai batir ɗin ki cire shi daga lissafi tun yanzu. Cikinsa roba ne, ba shi da ƙarfin jan atamfa ninki huɗu, balle wajen da zif ya haɗu da ƙugun siket. Akwai ma wanda ake riƙewa a hannu, shi da zare ɗaya yake ɗinki, kina jan bakin zaren sai ɗinkin ya warware tun daga farko har ƙarshe. Araha ba ta ado, kuma wannan ba ma araha ba ce, tunda bayan wata biyu sai kin sake neman kuɗin wani.

Na lantarkin kuwa ba zan kushe shi ba. Brother da Janome da Singer duk suna da kekuna masu kyau, suna zigzag, suna ƙofar maɓalli, ɗinkinsu a laushi yake fita. Matsalar ba ta keken ba ce, ta inda muke zaune ce. Ranar da aka ɗauke wuta kin tashi daga aiki ke nan, kuma mai koyo kullum take buƙatar zama a kan keke, ba sai ranar da aka kawo wuta ba. Sannan yawancin na hannun da ake shigowa da su, in daga Amurka suka fito wutarsu 110 zuwa 120 ce, na Japan 100, mu kuwa tamu 220 zuwa 240. Na ga wadda ta kai irinsa gida da murna, ta jona shi kai tsaye a bango, ko ɗinki ɗaya bai yi ba sai ƙauri da hayaƙi. Akwai ɗan ƙarfe ko takarda a bayan keken ko a gefensa da aka rubuta wutar da yake sha, ita ake fara dubawa. In ta ce 110, to sai da na'urar rage ƙarfin wuta, wani kuɗin ke nan. Masu allo irin na waya kuma, waɗanda ake danna lamba su canza ɗinki, in allonsu ya ƙone mai gyaran unguwarku ba abin da zai iya yi miki. In dai zuciyarki ta nace sai na lantarki, ki nemi marar allo, wanda ake murɗa maɓalli da hannu a canza ɗinki, mai nauyi, wanda aka rubuta 220 a jikinsa, ki kuma tabbata an haɗa miki da abin takawarsa na asali.

Abin da ya sa nake tsayawa kan baƙin keke shi ne kayan gyaransa. Butterfly ɗin nan da ta cika gidaje, daga birnin Shanghai na ƙasar Sin ta samo asali, kuma ita da sauran baƙaƙen kekuna masu sunaye daban-daban kusan duk ƙira ɗaya suka kwaikwaya, wata tsohuwar ƙirar kamfanin Singer mai lamba 15 da aka fito da ita tun kafin shekarar 1900. Shi ya sa ƙoshiyar wannan, wato gidan zaren ƙasa, take shiga wancan, kwarkwaron da ake naɗa zaren ƙasa a kai ɗaya ne, allura ɗaya, bel ɗaya. Daga Kano har Maraɗi, duk garin da ke da tela akwai mai gyara shi, kuma abin da zai lalace a jikinsa ba ya wuce kuɗin cefane. Gaskiya ne miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi. Amma ki duba kayan da ke jikinki yanzu ki gani: riga da siket, buba, doguwar riga, kayan yara, zanin gado, labule, duk miƙaƙƙen ɗinki ne. Ɗinki kala ashirin ɗin da ake yi miki kwaɗayi da shi, ko waɗanda suka saya biyu suke amfani da su. Takawa da ƙafa kuma ita ke koya wa mutum riƙe gudu, ki san yadda za ki lallaɓa a kwanar wuya da hammata. Nan gaba in kin samu hali, akwai ɗan moto da ake ɗaura masa a gefe, in akwai wuta ki yi da shi, in babu ki mayar da bel ki ci gaba da takawa.

Na ga wasu sun ce miki ki ƙara haƙuri ki tara ki sayi babban inji irin Juki ko Jack. Injin ƙwarai ne, ni ma da shi nake aiki a shago. Amma irin Juki DDL-8700 yana iya sara dubu biyar da ɗari biyar a minti ɗaya, wadda ba ta gama iya miƙe layi ba me za ta yi da wannan gudun? Ga cin wuri, ga shi sai da wuta. Lokacinsa na zuwa.

Yanzu zaɓen keken, wanda shi ne inda ake cutar mutane. Kada ki je ke kaɗai. Ki roƙi mai koya miki ta raka ki, ko ki biya mai gyaran keke ɗan wani abu ya bi ki, kuɗin da za ki ba shi ba asara ba ne. Ki tafi da ƙyallayenki a jaka: guntun atamfa, guntun shadda, wani yadi mai santsi, da ƙafar tsohon wandon jins. Kada ki yarda da ƙyallen da mai shago zai miƙo miki, ya riga ya san wanda keken ke so.

Ki fara ɗaga kan keken ki ji nauyinsa. Tsohon kai mai nauyi wanda aka riƙe da kyau sau da yawa ya fi sabo marar nauyi, don haka kada kalmar "na hannu" ta tsorata ki, kada kuma ƙyallin fenti ya ruɗe ki, ana sake wa kai fenti a manna masa sunan da ba nasa ba. Ki juya wilin da hannu zuwa wajenki a hankali. Ya kamata ya tafi sumul, ba inda zai cije, ba ƙwas-ƙwas. Ki kama ƙarfen da ke riƙe allura ki girgiza shi hagu da dama, in yana rawa to ya ci, kuma irinsa ne ke karya allura yana tsallake ɗinki. Ki shafa haƙoran da ke jan yadi da yatsa, ki ji ko da sauran kaifi ko sun shafe. Ki leƙa ramin da allura ke shiga, in bakinsa duk ya farfashe da saran allura zai riƙa tsinka zare, ko da yake shi wannan farantin ana canzawa, sai ki sa a rage miki kuɗi. Sai ki zauna ki ɗinka da kanki. Ki sa zaren sama kala ɗaya, na ƙasa wata kala, don ki ga gaskiyar abin. Ɗinki mai kyau, ta sama zaren sama kawai za ki gani, ta ƙasa na ƙasa kawai, ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadin. Ki ninka jins ɗin nan huɗu ki hau kansa. Ki gwada mai santsin ki ga ko zai tattare. Ki ɗaga ƙarfen komawa baya ki tabbata yana komawa, domin wasu tsofaffin ba su da shi. Ki gwada wajen naɗa zare a kwarkwaro, mutane da yawa sai sun je gida suke gane ba ya aiki.

Ƙafa da tebur ma a duba su. Ƙafar da ke rawa tana gajiyar da mutum, ɗinki kuma ba ya miƙewa. Teburin da aka yi da garin katako, ruwa na taɓa shi yake kumbura. In sabo za ki saya a kwali, ki tambaya tun kafin ciniki ya faɗa: kuɗin nan har da tebur da ƙafa, ko kai kaɗai ne? Wa zai haɗa, nawa ne kuɗin haɗawa? Sabon keke sai an haɗa an saita shi, kuma rashin saiti ne ke sa wasu su ce an sayar musu da marar kyau. Farashi kuwa ki zaga shago uku ko huɗu da ƙafarki, abin da aka saya watan jiya ba shi ne na yau ba. In a Kano kike, kasuwar Sabon Gari za ki nufa don keke, zare da tarkacen ɗinki kuma Ƙofar Wambai.

Kada ki juye kuɗin duka a kan keke. Ki ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kayan aiki, kuma mafi tsoka a ciki ya tafi ga almakashi. Ki sayi babba, inci 9 ko 10, na ƙarfe, ki gwada shi a kan yadi ninki biyu ki ga yana yanka har tsininsa ba ya tauna. In kin kai shi gida ki ɓoye. Ranar da yara suka yanka kwali da shi, ko aka ɗauka aka yanke leda a kicin, ya tashi daga almakashin tela. Ki ajiye wani ɗan ƙarami na yanke zare a kan keke.

Bayan almakashi sai dutsen guga, wanda masu koyo ke rainawa. Duk layin da kika ɗinka ki buɗe shi ki goge kafin ki haɗa da wani, a nan ake gane ɗinkin wadda ta iya. Na gawayi ya wadatar in ba wuta, sai dai ki riƙa shimfiɗa ƙyalle a kan shadda da leshi kafin ki ɗora.

Allura kuma ki kula da kyau, don nan ne masu shago ke miƙo wa mutum abin da ya zo hannunsu. Ta baƙin keke ana rubuta HAx1 a jikin fakitin, gindinta gefe ɗaya a shafe yake. Ta babban inji DBx1 ce, gindinta zagaye, ba ta yi miki. Lamba 14 ita ce ta yau da kullum, atamfa da yawancin yaduka. Lamba 11 ta marasa kauri, 16 ta shadda mai tauri da kaki, 18 ta jins. Ki sayi 14 da yawa, sauran fakiti ɗaya-ɗaya. Allurar kamfanin Organ tana da kyau in kin samu ta gaske. Wajen sakawa, a irin Butterfly shafaffen gefen yana kallon dama ne, wajen wili, zare ya shiga daga hagu. In za ki ɗinka hijabi na yadi mai talewa, akwai allura mai dunƙulallen baki da aka yi dominsa, ta yau da kullum tsallake take yi a kansa.

Zare ki ɗauki wanda aka rubuta 40/2, shi ne na ɗinkin kaya. Ki warware kaɗan ki ja da hannu biyu, in ya tsinke ba gardama ko kika ga yana ta gashi, ki ajiye musu abinsu. Baƙi da fari ki sayi manya, sauran kala sai aiki ya zo. Kwarkwaro na ƙarfe kamar guda goma, don kada ki riƙa warware wani kala ki naɗa wani. Tef ɗin awo mai inci 60, ki kuma tsaya a inci tunda da shi telolinmu ke awo, tsohon tef yana talewa ya ɓata miki lissafi. Alli, ko ƙarshen sabulun wanka da ya sirance, yana zane tsaf kuma yana fita da wanki. Fil, dogon rula, bel guda na ajiya, ɗan sukudireba, da abin farke ɗinki mai ɗan ƙaho. Reza tana yi, amma ta ci atamfar mutane da yawa. Man keke farin nan shi kaɗai za ki sa. Man gyaɗa da baƙin mai suna daskarewa su riƙe keke, sai an wanke da kalanzir.

Duwatsun ado, gunkin gwada kaya, takalman keke (ƙarfen nan da ke danne yadi a ƙarƙashin allura) iri goma sha, duk ki bar su tukuna. Takalmin sa zif kaɗai za ki ƙara. Keken wibin ma, mai ɗaure bakin yadi don kada ya zare, ba yanzu ba: ki kai wa masu shi su yi miki ki biya, ko ki koyi ɗinki biyu, wato ki fara haɗa yadin ta waje da ɗan siririn baki, ki rage gezar, ki juya ki sake ɗinkawa ta ciki, bakin ya shige ciki ba zai zare ba. A kayan yara da yaduka marasa kauri ya ma fi wibin kyau.

Yadin koyo kada ki saya mai tsada. Tsofaffin zannuwa da zanin gadon da ya gaji sun isa, teloli kuma suna zubar da ƙyallaye buhu-buhu, ki roƙa. Kwanakin farko ma ki cire zare, ki sa tsohuwar allura, ki riƙa bin layin takardar littafi har ƙafarki ta daina mayar da wili baya.

Abu biyu da za su same ki a makon farko, don kada ki ce keken ne. In kika ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kusan kullum laifin zaren sama ne, ki ɗaga takalmi ki zare shi ki sake sakawa daga farko, kada ki taɓa ɗan sukurun ƙoshiya. In yana tsallake ko yana tsinka zare, canza allura kafin ki kira mai gyara. Ki ɗinka masa riga da hannunki ki riƙa rufe shi, musamman da hunturu, ƙura da gashin yadi ne ke taruwa ƙarƙashin haƙori su haɗu da mai. Tsohon buroshin haƙori ya isa sharewa. In kin ɗiga mai ki fara bi ta kan ƙyalle kafin ki ɗora kayan mutane.

In kin je kasuwar kin ga wanda ya kwanta miki, ɗauki hoton kan keken da na ɗinkin da ya yi, sama da ƙasa, ki turo kafin ki biya, sai mu duba miki. Allah ya sa albarka, ya sa ki fara a sa'a.